Gasar tallar labari: kafin ki shiga, tambayi wa ke sauraro

Da ke nake, 'yar uwa, ke da kika shekara biyu kina rubuta littafi a waya, babi bayan babi, wani a aji kafin malami ya shigo, wani da dare bayan kowa ya yi barci. Na ce "ke" ne don ku kuka fi yawa a harkar ƙagaggun labaran Hausa a yau. Kai ma ɗan uwa kada ka wuce, maganar ta shafe ka.

Na san burinki. Kina so wata rana ki riƙe littafin nan a hannu, da bangonsa, da sunanki a jiki, maimakon a yi ta tura shi daga wannan waya zuwa waccan har sunan mai shi ya ɓace a hanya. Shi ya sa duk sanarwar da ta haɗa kalmar "gasa" da "za a buga littafinki" take ɗauke miki hankali. To akwai wata irin gasa da ta yi tashe a Amurka, wadda nake so mu duba tare, wato gasar tallar labari. A irin wannan gasa ba a miƙa littafin. Tallarsa ake yi cikin jimla biyu ko uku, a gaban mutanen da za su iya kai shi maɗaba'a.

Sai an san yadda kasuwar littafi take a can kafin a gane dalilinta. Manyan kamfanonin ɗab'i na Amurka galibi ba sa karɓar littafi daga hannun marubuci kai tsaye, sai ta hannun dillalin adabi. Shi zai karanta, in ya yi masa ya ɗauki marubucin, ya nemo kamfanin da zai saya, ya yi cinikin. Ladansa yawanci kashi 15 cikin ɗari ne na abin da marubucin ya samu, kuma ba ya ganin ko sisi sai littafin ya sayu. Matsalar ita ce dillalan kaɗan ne, masu neman su kuwa ba iyaka. Mutum zai aika wasiƙa ya yi watanni yana jira, ƙarshe a ce masa a'a, ko ma a yi masa shiru.

Daga nan ne wata marubuciya mai suna Brenda Drake ta kafa Pitch Wars a 2012, tare da PitMad, wadda aka riƙa yi a Twitter. Ita PitMad a lokacin sau huɗu ake yin ta a shekara, awa goma sha biyu kacal, daga ƙarfe takwas na safe zuwa takwas na dare agogon New York. A wurinmu ke nan daga azahar zuwa bayan tsakar dare. Marubuci zai rubuta tallar littafinsa a saƙo guda, haruffa 140 a farko, daga baya 280 bayan Twitter ta ƙara yawan haruffa a 2017. Dillalai da editoci suna bi suna dubawa. Wanda talla ta burge shi sai ya danna alamar zuciya, ma'anarta: turo mini in gani. Har roƙon abokai ake yi kada su danna alamar, don kada marubuci ya ga zuciya ya yi murna, ya duba ya tarar ƙawarsa ce. Pitch Wars kuma ta ɗara wannan, domin a can gogaggen marubuci ne zai zaɓi sabon hannu guda, su yi watanni suna gyaran littafin, sannan a baje shi gaban dillalai. A 2016 wata dillaliya, Beth Phelan, ta ƙirƙiro DVpit musamman don marubutan da kasuwar ta saba mayarwa saniyar ware, irin su baƙar fata.

Ta yi wa wasu rana, ba ƙarya. Tomi Adeyemi, wadda aka haifa a Amurka, iyayenta Yarbawa ne daga Najeriya, ta bi ta Pitch Wars a 2016 da littafinta Children of Blood and Bone. Ya fito a 2018, ya hau saman jerin littattafan matasa da suka fi sayuwa na jaridar New York Times. Amma ki lura da wani sharaɗi da PitMad ta gindaya: sai wanda ya gama littafinsa, ya gyara shi tsaf, zai yi talla. Ba a sayen kifi a ruwa. In dillali ya danna miki zuciya yau, gobe shafuka yake so ya gani, ba zai jira ki ƙarasa babi ashirin ba.

Abu guda da nake ganin ya kamata mu ɗauka daga wurinsu, ko da gasa ko babu, shi ne horon da tallar take yi wa marubuci. Ki tuna yadda muke tallar littattafanmu: labari ne mai cike da soyayya, cin amana, makirci, ban tausayi da darussan rayuwa. Don Allah wane littafi ne wannan bayanin bai dace da shi ba? Littafi ɗari za su iya sa riga ɗaya. Yanzu gwada wannan, da na ƙirƙira don misali:

Hajara ungozoma ta musanya jaririn ƙanwarta da ya zo ba rai da na wata baƙuwa, don kada a saki ƙanwar. Bayan shekara 25, yaron ya kawo 'yar baƙuwar nan a matsayin wadda zai aura. Saura mako biyu ɗaurin aure, Hajara kaɗai ta san wa da ƙanwa ne.

Bai kai haruffa 280 ba, amma kin san wace ce, kin san me ta yi, kin san abin da za ta rasa in ta yi magana da abin da zai faru in ta yi shiru. Ki ɗauki littafinki ki yi masa haka. In kin kasa, sau da yawa matsalar tana cikin littafin ne: babi sittin, jarumai goma sha biyar, ke kanki ba ki yanke shawarar labarin wa kike bayarwa ba. A ajinmu na aikin jarida haka malamai ke matsa mana a kan jimlar farko ta rahoto. Wanda ya kasa faɗin labarinsa a layi biyu, bai gama fahimtarsa ba. Na yarda akwai littattafan da ƙarfinsu a harshe yake da lura da halin mutane, waɗanda gajeriyar talla za ta zalunce su. Wannan aibi ne na gaske a tsarin, domin labari mai ƙara ya fi labari mai nutsuwa samun zuciya.

To amma ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani. Abin da ya ba PitMad daraja shi ne mutanen da ke ɗaya gefen: dillalan da ke da hanyar shiga manyan kamfanoni, kamfanonin kuma suna da editoci, da kuɗin bugawa, da hanyar kai littafi shaguna. Cire waɗannan, abin da ya rage mutane ne suna ihu a kasuwar da babu mai saye. Ko a can ɗin ma, ba kowace zuciya ce alheri ba. An sha gargaɗin marubuta su binciki duk wanda ya danna musu, saboda ƙananan kamfanonin da ke neman marubuci ya biya su kuɗi su ma suna yawo a wurin. Kuma a farkon 2022 aka rufe Pitch Wars da PitMad gaba ɗaya, bayan shekara goma ana yin su da ƙarfin 'yan sa-kai.

Mu Hausawa bai kamata a koya mana wannan darasin ba, don da gasa aka fara ƙagaggen labarinmu na boko. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuto labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam a lokacin yana da shekara 22 ne, sa'anmu, yana koyarwa a Katsina. Gaskiya ne waccan gasa cikakken littafi ta nema, kuma gaskiya ne Turawan mulkin mallaka buƙatar kansu suke biya, abin karantawa suke nema wa makarantunsu. Amma duba abin da ke bayan gasar: edita da ya zauna ya yi gyara, hukuma da ta buga, makarantu da suka karɓa. Bayan haka aka ɗauko Imam zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Haka gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a ƙarshen shekarun 1970, na ɗab'i nake nufi, ba na man fetur ba. Mai gasar shi ne mai maɗaba'ar, shi ya sa a 1980 So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina suka fito a matsayin littattafai, har yau ana nazarin su a jami'o'i.

Yau fa? Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta fito da mata marubuta da dama, kuma tana da abin da za ta ba su: ana karanta labaran a rediyo, duniya ta ji. Sai dai gajeren labari take karɓa. Ke mai littafi mai shafi ɗari uku, tun zamanin adabin kasuwar Kano hanyar da aka bar miki ita ce ki buga da kuɗinki, ki kai wa 'yan kasuwa. Yanzu kuma sai Wattpad da WhatsApp, ki saki babi ki ce a biya kuɗin karatu. OkadaBooks, da wasu suka dogara da ita wajen sayar da littafi ta intanet, ta rufe a 2023. Dillalin adabi irin na Amurka kuwa ba sana'a ba ce da ta kafu a kasuwarmu. Wannan giɓin ne ya sa kowa zai iya zana sanarwa mai kyau a wayarsa, ya kira ta gasa, mu kuma mu yi layi.

Wata ƙawata a makaranta ta taɓa shiga irin wannan. Ta biya kuɗin rajista, ta tura taƙaitaccen labarinta da babi uku, ta yi mako biyu tana roƙon mutane su zaɓe ta, don an ce yawan ƙuri'a ne zai raba gardama. Ni kaina na zaɓe ta, na sa 'yan ɗakinmu suka zaɓe ta. Ta zo ta biyu. Abin da ta samu hoton takardar yabo ne aka turo mata a waya. Masu gasar sun samu kuɗin rajista da sababbin mabiya, ita kuma littafinta yana nan inda yake. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saboda haka kafin ki tura ko layi ɗaya, ki tambaya. Su wa za su karanta tallar, kuma wane littafi suka taɓa bugawa da za ki iya zuwa shago ki gani da idonki? In kin ci, wa zai biya kuɗin bugawa, kwafi nawa, nawa ne rabonki a kowane kwafi? In amsar ta ƙare da cewa ke za ki kawo kuɗi, to ke ce abokiyar cinikinsu, masu karatu ba sa cikin lissafin. Marubutan Amurka suna da ƙa'ida a kan wannan: kuɗi wajen marubuci ya kamata ya nufa.

Sai batun da na san yana cin ki a rai, tsoron a sace miki labari. Dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutun da kika yi ne, ba ta kare tunanin da ke bayansa. Wani zai iya karanta tallar Hajara ungozoma ya je ya rubuta nasa littafin musanyar jarirai, ba abin da za a yi masa. Wannan ma wani dalili ne na gama littafi kafin a tallata shi. Haɗarin da ya fi wannan girma yana cikin fom ɗin shiga gasa. A dokar Najeriya, miƙa haƙƙin mallaka ga wani sai a rubuce yake tabbata, don haka duk layin da ya ce abin da aka turo ya zama mallakin masu gasa, har da damar mayar da shi fim, ba ado ba ne. Ki karanta shi sau biyu, ki ba wani wanda ya san doka ya karanta miki.

Ba na adawa da a kawo gasar tallar labari cikin Hausa. Ina ma son in gan ta. Ƙungiyoyin marubuta da sassan Hausa na jami'o'inmu za su iya shirya ta a zaure ɗaya, ranar Asabar ɗaya. Marubuciya ta tashi ta yi minti uku. Amma a kujerun gaba a zaunar da mai maɗaba'a da ya rubuta alkawarin buga littafi ko da biyu ne a shekara, da furodusan Kannywood da ya zo da niyyar sayen labari da yarjejeniya a rubuce, da wakilin gidan rediyon da ke karanta littattafai ga masu sauraro, da edita da za a biya ya zauna wata uku da wadda ta ci. A buga sunayensu a jikin sanarwar tun kafin a buɗe rajista.