Tsohuwar Kwalejin Katsina Shaida Ce, Kada A Bari Ta Rushe

A unguwar Rafukka, kusa da Ƙofar Sauri a birnin Katsina, akwai wani ginin ƙasa da matasa ke wucewa ta gabansa kullum ba tare da sun san abin da aka ƙulla a cikinsa ba. Nan ce Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Yau gidan tarihi ce.

Wasu 'yan'uwa kan ce ai kufan Nasara ne, in ya faɗi ma Allah ya raka taki gona. Wannan kuskure ne babba. Ina aka taɓa ganin mai ƙara ya ƙona takardar shaidarsa?

Turawan mulkin mallaka ba da ka suka zaɓi Katsina ba. Gari ne da ya yi suna wajen ilimi, garin Hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, don haka iyaye za su fi sakin jiki su ba da 'ya'yansu. Ga shi nesa da layin dogo da iskar siyasar Ikko, ga kuma Sarki Muhammadu Dikko wanda su suka naɗa shi. Sai aka riƙa tsinto yara ƙalilan daga larduna, ana karantar da su da Ingilishi, wai don su koma su koyar a makarantun En'e. To, daga waɗannan azuzuwa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello suka fito. Wato waɗanda aka miƙa wa ragama a 1960, a nan aka rene su. Duk matashin da ke son ya gane yadda boko ya zama tsanin mulki, aka bar mai allo da ajami a baya, to ya je ya tsaya a tsakar wannan gida.

Makarantar kanta ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa. Ginin aka bari, shi kuwa na ƙasa ne. Sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa da aka yi a 1959 ba ya hana ruwan damina cin bango. Abin da yake so shi ne yaɓe a kan kari, da gyaran indararo, da magina masu sanin azara, ba masu lafta siminti ba. Filinsa ma wajibi ne a sa masa ido, domin fili a tsakiyar birni ba ya rasa masu haɗiyar yawu a kansa.