Kafin a miƙa kare ga mai horo, a tambayi inda ya koya

Tun kafin gari ya waye, motoci kan yi jerin gwano daga Kwamba da Maje da Madalla, su ratsa gindin Dutsen Zuma, su bi ta Zuba zuwa ofisoshin Abuja. Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke cikinsu ba sa dawowa Suleja sai bayan isha. Tsakanin fita da dawowa, gida yana hannun uwargida da yara da maigadi. Fargabar ɓarayi da masu garkuwa da mutane ta sa an ɗaga katangu, an ɗora musu waya, wasu kuma sun ƙara da manyan karnukan gadi irin su Alsatian da Rottweiler da Boerboel. Inda aka samu kare kuwa, sai an nemi mai horo. Ga su nan a WhatsApp da Instagram, da hotunan karnuka suna cafkar hannu. Mai gida yakan tambayi kuɗi da yawan makonni. Da wuya ya tambayi inda mutumin ya koyi sana'ar, alhali wannan ce tambayar da lafiyar iyalinsa ta rataya a kanta.

A Hausa kalmar “horo” tana ɗauke da ma'ana biyu: tarbiyya da kuma hukunci. Shi ya sa idan aka ce za a yi wa kare horo, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne dorina da sarƙa. Wannan fahimta tana da dogon tarihi ko a Turai. A 1910 Konrad Most, wanda ya horar da karnukan 'yan sandan Jamus, ya fitar da littafin da ya ba tilastawa babban matsayi. A 1962 William Koehler ya yaɗa salon fizgar sarƙar wuya a Amurka. Salon ya ƙara samun gindin zama da ra'ayin cewa dole mutum ya murƙushe kare kamar yadda shugaban kyarketai ke murƙushe na ƙasa da shi. Amma ra'ayin ya samo asali ne daga nazarin da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 a kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji. David Mech, masanin da littafinsa na 1970 ya yayata shi, ya janye daga kansa a 1999 bayan ya lura da su a dawa, inda ya tarar garken iyali ne kawai: uwa da uba da 'ya'yansu.

Masu horo da tukwici sun fito ta wata ƙofa dabam. Tushensu ɗakin binciken B. F. Skinner ne, masanin halayya da ya nuna cewa duk ɗabi'ar da alheri ya biyo bayanta takan maimaitu. Ɗalibansa biyu, Keller da Marian Breland, sun bar jami'a a shekarun 1940 suka kafa kamfanin horar da dabbobi iri-iri, har da kaji. Karen Pryor ta ƙware ne a kan dabbar ruwa dolfin a Hawai a shekarun 1960, kafin littafinta na 1984 ya kai darasin ga masu karnuka. Ian Dunbar likitan dabbobi ne. Ya buɗe ajin 'yan kwikwiyo a Kalifoniya a farkon shekarun 1980, ya kuma kafa ƙungiyar masu horar da karnuka a 1993. Yawancinsu sun yi koyon a inda bulala ba ta da amfani. Ba a sa wa dolfin sarƙa. In ya ji haushi sai ya nutse ya tafi. Kaza ma ba ta koyon komai da duka. Dole ta sa suka koyi haƙuri da kaifin ido.

Nan ne gwanintar take. Mai horo yakan jira kare ya yi abin da ake so, ya yi masa alama da kalma ɗaya ko ƙarar 'yar na'ura cikin ƙiftawar ido, sannan ya miƙa masa ɗan yankin nama ko abin wasa. In ya makara da daƙiƙa biyu, ya saka wa wata ɗabi'ar dabam. Daga baya yakan rage tukwicin sannu a hankali har biyayyar ta zama jiki. Wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya daɗe yana yi a gaban wani gwani da ke gyara masa hannu.

Bincike ma ya goyi bayan wannan hanya. Wani nazari na Jami'ar Pennsylvania a 2009 ya gano cewa duka da murƙushewa sukan jawo martanin faɗa daga karnuka da dama. Wani da aka yi a Fotugal a 2020 ya nuna alamun damuwa sun fi yawa ga karnukan makarantun da ke amfani da azaba. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa horo da tukwici, yankin Wales kuwa ya haramta abin wuya mai jan lantarki tun 2010. Dalilin a fili yake. Gurnani gargaɗi ne. Karen da aka daka saboda ya yi gurnani yakan daina gargaɗin, amma tsoron yana nan. Ranar da yaro ya taɓa kwanon abincinsa, cizo ne zai zo ba sallama.

Kada a ɗauka wannan baƙon ilimi ne. Mafarautan ƙasar Hausa sun daɗe suna sakin karnukansu a daji ba igiya, su kira su su dawo, domin tun suna kwikwiyo suke tare, kuma suna da rabonsu a abin da aka kamo. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbobin farauta da aka koyar, malaman fiƙihu kuma sun bayyana alamar koyarwar: in an aika shi ya tafi, in an tsawatar ya tsaya. Ma'aunin ke nan har yau. Karen da ba ya tsayawa in an ce ya tsaya, komai zafinsa, bai horu ba.

Wani zai ce karen gadi ba na wasa ba ne, sai da tsanani. Amma karnukan da ke sansano ƙwaya da abubuwan fashewa a filayen jiragen sama na duniya, galibi don ƙwallo ko tsumman wasa suke wannan aiki mai hatsari. Gaskiya ne kuma cewa akwai tsofaffin jami'an tsaro da suka iya kare ƙwarai, kamar yadda akwai masu riƙe nama a hannu ba su san lokacin miƙa shi ba. Kaki ba shaida ba ne, haka ma tallan “ba ma duka”. A Amurka, hukumar da ke ba masu horo takardar ƙwarewa tun 2001 tana neman sa'o'i 300 na aiki kafin a zauna jarrabawa. A Najeriya akwai majalisar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista, amma kowa na iya buga kati ya kira kansa mai horar da karnuka.

Saboda haka nauyin tantancewa yana kan mai gida. Ya tambayi wanda ya koya wa mutumin, da shekarun da ya yi, da gidajen da za su ba da shaida. Ya tambayi abin da yake yi idan kare ya yi kuskure. Ya nemi a yi darasin a gabansa, tare da uwargida da maigadi, tunda su ne ke wuni da karen. Wanda ya ce sai dai ya tafi da shi ya dawo da shi a shirye bayan mako biyu, a yi hattara da shi. Mai horo na ƙwarai kuma zai fara neman katin rigakafin cutar haukan kare, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ta fi shafa.

Ya dace ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa da hukumomin Jihar Neja da na Babban Birnin Tarayya su buɗe rajistar masu horo, ko da ta ganin dama ce, mai nuna inda kowa ya koya da irin kayan da yake amfani da su. Da yawa daga cikin masu rubuta irin waɗannan takardu a Abuja, a Suleja suke kwana. Sun fi kowa sanin cewa ɓarawo ba kullum yake zuwa ba, amma ɗan makaranta kullum sai ya tura ƙofar gidan nan da rana, lokacin da mai gida yake ofis.