Sharhi: Darasin katse sadarwa ga matasan Zamfara masu koyon rubuta manhaja

Duk wanda ya zauna a Gusau a watan Satumban 2021 ba zai manta da ranar da waya ta koma fitilar hannu ba. A farkon watan ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin daƙile 'yan bindiga. Gusau ta samu sadarwa a farkon Oktoba, amma mutanen Tsafe da Bungudu sai da suka ƙara jira.

Yanzu da matasa ke tururuwar shiga shirin 3MTT, wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku, akwai tambayar da ya kamata masu koyarwa su yi wa kansu: idan aka sake ɗauke intanet gobe, ɗalibinsu zai iya ci gaba da aiki?

Amsar tana cikin wani abu da ake rainawa, wato editan da mai rubuta manhaja ke wuni a cikinsa. Galibin masu koyo da VS Code suke farawa, wanda Microsoft ta fitar a 2015. Wasu kuma suna rungumar Vim, wanda Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, ko Neovim da ya tsiro daga gare shi a 2014.

Kowannensu yana da fayil ɗin saiti, inda mutum ke rubuta yadda yake son editan ya yi masa aiki: .vimrc a Vim, init.lua a Neovim, settings.json a VS Code. Sannan akwai ƙananan manhajojin ƙari da ake ɗorawa, masu nuna kuskure ko ƙarasa kalma.

A Turai da Amurka wasu na ɗaukar wannan a matsayin kwalliya. A nan kuwa guzuri ne. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda yawanci tsohuwar kwamfuta yake riƙe da ita, batirinta ya gaji, wuta kuma ba ta da tabbas. Kowace manhajar ƙari tana cin nata rabon na ƙarfin na'ura da na batir. Wanda ya ɗora talatin, alhali biyar yake amfani da su, shi ya rage wa kansa lokacin aiki. Ga kuma data, wadda ta ƙara tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Mafi haɗari shi ne dogaro da mataimaka irin su GitHub Copilot, waɗanda ba sa motsi sai da intanet. Wanda ya saba a rubuta masa, ranar da layi ya ɗauke zai gane hannunsa bai koyi komai ba.

Fayil ɗin saiti kuwa bai kai girman hoto ɗaya ba. Ana iya ajiye shi a filas, a kuma sauke manhajojin VS Code a matsayin fayil ɗin VSIX don ɗorawa ba tare da intanet ba. Idan kwamfuta ta lalace ko aka sace ta, cikin 'yan mintuna mutum zai mayar da ta aro tamkar tasa. A cikinsa ne kuma mai rubutun Hausa zai ware wa ƙ da ɗ da ɓ maɓallansu, ya huta da kwafo su daga wani wuri.

Sai dai a yi hattara. An sha gano manhajojin ƙari masu satar bayanai a kasuwar VS Code, don haka kwafo saitin wani ba tare da karantawa ba kamar shan maganin da ba a san mai haɗa shi ba ne. Akwai kuma waɗanda ke ɓata mako guda suna zaɓen launi, ba su rubuta layi goma ba.

Abin da ake buƙata daga cibiyoyin horarwa a Zamfara bai da tsada. Su ware darasi guda da ɗalibi zai rubuta saitinsa da hannunsa, ya bayyana amfanin kowane layi, sannan a kashe intanet a ce ya yi aiki. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma mutanen Tsafe da Bungudu sun riga sun san ranar da za a buƙace ta.