Python: Sabon zubi, tsohuwar matsala

Tun daga shekarar 2020, a kowane watan Oktoba ne ake fitar da sabon zubi na Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja da aka fi amfani da su a duniya.

Sai dai kuma masu gaggawar komawa sabon zubin kan tarar da cewa wasu manhajojin da suka dogara da su sun ƙi aiki.

Tushen matsalar shi ne Python ba shi da sauri wajen lissafi mai nauyi. Don haka akan rubuta irin waɗannan sassa da harshen C, sannan a juya su zuwa umarnin da na'ura ke fahimta kai-tsaye. Juyin kan ɗaure manhajar da tsarin cikin zubin da aka yi ta dominsa. Wadda aka juya wa Python 3.11 ba za ta hau kan 3.12 ba, tamkar makullin da aka yanka wa wata ƙofa.

Ba wai babu magani ba ne. Tun a 2011, lokacin da Python 3.2 ya fito, aka samar da wata tsayayyar ƙa'ida mai suna abi3, wadda ke bai wa juyi guda damar aiki a zubi daban-daban. To amma tana taƙaita abin da mai rubutu zai iya taɓawa a cikin Python, shi ya sa manyan manhajojin lissafi irin su NumPy ke sake juyi ga kowane zubi.

NumPy ɗin ma ta haifar da irin wannan cikas. A watan Yunin 2024 ta fitar da zubi na 2.0, babban sauyinta na farko tun 2006, kuma manhajojin da aka juya a kan tsohon zubinta suka tsaya cik har sai da aka sake juya su.

Akasarin wannan ɗawainiya na wuyan 'yan sa-kai ne, waɗanda sai sun tanadi juyi dabam ga Windows da macOS da Linux, a kowane zubi.

Jinkirin komawa sabon zubi kan rage ciwon kai, amma yana da iyaka. Shekaru biyar kawai ake kula da kowane zubi, kuma a Oktoban 2025 aka daina yi wa Python 3.9 gyaran tsaro.