Hannun Da Ke Mayar Da Mutum Bakin Ƙofa

Yau ku yi mini haƙuri, ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba, wata gardama ce muka tafka da ɗana a kan wani dodon wasan bidiyo, na ga ya dace in kawo ta gabanku ku raba mu.

Wasan shi ne The Legend of Zelda na kamfanin Nintendo da ke Japan, wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka ƙirƙira, ya fara fitowa a 1986. Jarumin wani yaro ne mai suna Link, yana shiga kurkuku bayan kurkuku a ƙasar Hyrule don ceto gimbiya Zelda daga hannun Ganon. To a cikin dodannin da ke gadin kurkukun nan akwai wani da ake kira Wallmaster. Ba shi da kai, ba shi da ido, hannu ne zalla, ƙato, mai yatsu kamar na gawa. Aikinsa ɗaya ne tak: ya cafke ka, ya ɗauke ka cak, ya dire ka a bakin ƙofar da ka shigo.

Ran nan ina zaune ina gyaran rubutu, yaron yana buga Ocarina of Time na 1998 a na'urar da ya aro wurin abokinsa, sai na ji ya kurma ihu. Ashe ya yi nisa cikin haikalin daji, hannun ya faɗo daga rufi ya mayar da shi 'yar gidan jiya. Ya ce wannan zalunci ne, gara a kashe shi ya san an fi ƙarfinsa. Ni kuwa na ce masa duk cikin wasan babu dodon da ya kai wannan adalci, kuma har yanzu ina kan bakana.

Dalilina na farko, ba ya zuwa sai ya yi sallama. Kafin ya faɗo za ka ji wani kuka kamar na iska, sannan inuwa ta bayyana ƙarƙashin ƙafafunka tana ƙara faɗi. In ka goce a kan kari sai ya faɗi ƙasa a banza, ka sassare shi da takobi, har ka kwashi kuɗin da ya zubar. Wanda yake kamawa shi ne wanda ya tsaya yana ƙauyanci da ido, ko ya ga inuwar ya raina ta. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Na biyu, ba ya ƙwace maka komai sai lokaci. Mabuɗanka suna nan, ƙofofin da ka buɗe suna buɗe, kayan yaƙinka ba a taɓa ba. Amma fa a nan zafin yake. Sauran dodanni, irin su ƙwarangwal mai takobi, ƙarfinka suke gwadawa, shi kuwa wannan haƙurinka yake gwadawa, ya ga ko za ka sake tako hanyar da ka riga ka tako, ko za ka yi jifa da abin bugawa ka tashi.

Ba zan ɓoye ba, ɗana yana da tasa hujjar. A wasan farko na 1986 daga jikin bango hannayen suke ɓullowa, ba inuwa ba gargaɗi, kuma tun a kurkukun farko cikin tara an jibge su a ɗakin da ke dab da na babban dodo, wato sai ka hango ƙarshe sannan a yi maka tufka da warwara. Wani zai ce dabara ce kawai ta ja wasa ya yi tsawo, kuma da gaskiyarsa. Sai dai masu wasan sun gyara. A A Link to the Past na 1991 suka mayar da shi yana faɗowa daga sama da inuwarsa a gaba, daga nan laifin ya tashi daga kansu ya koma kan mai bugawa.

Abin da ya dame ni shi ne a Breath of the Wild na 2017 babu shi sam. A Tears of the Kingdom na 2023 an kawo wasu jajayen hannaye masu fitowa daga ƙasa, suna da ban tsoro ƙwarai, amma ranka suke tsotsa kamar kowane dodo, ba sa mayar da kai baya. A ganina an yi asara, domin an cire abu guda da ke sa yaro ya ɗanɗani ciwon sake aiki daga tushe.

Mu marubuta ma akwai abin ɗauka a nan. Mun saba mugunmu sai ya riƙe wuƙa ko guba ko ya je gidan boka. Alhali mugun da mai karatu ba ya mantawa shi ne wanda ya bari aka sa rana, aka kai lefe, sannan da kalma ɗaya ya mayar da masoya inda suka faro. Ni kaina na san wannan hannun, don an taɓa ɗauke wuta ina tsakiyar buga littafi a kwamfuta, babi uku suka tafi, ga shi na sha ganin fitila tana kyaftawa ban adana ba.

Yaron dai ya yi fushinsa ya gama, bayan sallar isha'i na ga ya koma ya ɗauki abin bugawa. Wannan karon idonsa na kan ƙasa yana tsaron inuwa, hannun ya faɗo, ya goce, ya sare shi. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba.

To masu karatu, ni da shi wa ya fi gaskiya? Sai mun haɗu a mako mai zuwa, inda za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya.