Gidauniyar Gida Ko Ƙoƙon Bara?

A ranar 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a takarda guda, ya dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje. Ranar 1 ga Yuli aka rufe hukumar USAID. A cikin wannan watan Hukumar Abinci ta Duniya ta yi shelar cewa cibiyoyin kula da yara masu tamowa sama da 150 a Borno da Yobe za su rufe don rashin kuɗi. Alƙalami ya motsa a Washinton, uwa ta rasa abin bai wa ɗanta a ƙauyen Borno. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wannan shi ne sakamakon al'ummar da ta miƙa cikinta ga wanda ba ya ƙaunar addininta.

Abin takaici, ƙananan ƙungiyoyin karkara, na marayu da na gyaran rijiya da na makarantun Islamiyya, ba su ɗauki darasi ba. Wanda bai iya rubuta takardar roƙo da Turanci ba, sai ya kwana a ƙofar ɗan siyasa. A shirya ƙaddamar da asusu, a yi hayar rumfa da kujeru, a ambaci miliyoyi a lasifika, a tafa, sannan ko sisi ba a gani. Marayu kuwa suna nan da yunwarsu.

Su kansu Amurkawan ba haka suke yi wa ƙauyukansu ba. Tun 1914 da aka kafa gidauniyar al'umma ta farko a birnin Kilibland, tsarin ya bazu har cikin karkararsu. Mutanen yanki ke tara dukiya, ba a taɓa uwar kuɗin, abin da ta haifar kawai ake rabawa ƙananan ƙungiyoyi duk shekara, kuma kwamitin 'yan yankin ke zaɓen wanda za a ba. Nasu dai cuɗe yake da kuɗin ruwa, wal'iyazu billah. Amma tushen abin ai waƙafi ne, wanda Musulmi suka riga su da shekaru sama da 1,200. Sayyidina Umar (RA) ya tsare gonarsa ta Haibara, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, amfaninta na mabuƙata. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Su wa suka rubuta wa takardar roƙo?

To, me ya gagari gunduma guda? Manomi ya ba da kadada, mai fadama ya ba da gefe, attajiri ya ba da shago ko injin niƙa. A rubuta, a kafa shaidu. Da kaka a sayar da amfanin, kowace ƙungiya ta kawo buƙatarta da Hausa: allunan makaranta, kan famfo, kuɗin motar kai mai naƙuda asibiti. Wadda ta karɓa bara ba ta nuna aiki ba, bana ta haƙura.

Zakka kuwa asusunta daban. Hatsin da ya kai mudun awo na sa'i 300 ana fitar da ɗaya cikin goma in na damina ne, ɗaya cikin ashirin in an sha wahalar ban ruwa, kuma na mutum takwas ne da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Ba a gina aji da ita, ba a sayen kujerar ofis. Shi ya sa ƙungiyoyi ke buƙatar waƙafi.

Masu kashe gwiwa za su ce ai cinyewa za a yi. Lallai an sha ci, kuma har da masu rawani a cikin maciyan. Sai dai ɓarawon gidauniyar ƙauye sahu ɗaya yake bi da waɗanda ya cuta. A riƙa karanta lissafin shiga da fita a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, buhu-buhu, naira-naira, da sunan ƙungiyar da ta karɓa, a kuma hana ma'aji riƙe makullin rumbu shi kaɗai.