Rahoton da ke faranta wa maigida rai

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, akantoci a Yamai da Maraɗi da Damagaram ba su samun sukuni, domin dokar lissafin kuɗi ta ƙungiyar OHADA, wadda ta haɗa ƙasashe 17 ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, ta ba kamfanoni wata huɗu bayan rufe shekara su kammala lissafinsu. Wannan lissafi na ma'aikatar haraji ne da banki da masu hannun jari, kuma yana ba da labarin abin da ya riga ya wuce. Amma akwai wata takarda da babu dokar da ta tilasta rubuta ta, wato rahoton da manaja ko mai kula da reshe ke kai wa maigida duk mako ko duk wata. Da ita ake yanke shawarar ƙara sari ko dakatawa, da ɗaukar ma'aikata ko rage su. A ganinmu, a nan ne kamfanoni da yawa ke fara rubewa tun kafin kowa ya ji wari.

Babbar cutar wannan rahoto ita ce tsoro. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na kamfanin motoci na Ford a Amurka. A shekarar 2006, lokacin da aka ɗauko Alan Mulally daga kamfanin jiragen sama na Boeing ya shugabanci Ford, ya kafa taro duk ranar Alhamis, inda kowane babban manaja zai nuna halin da sashensa ke ciki da launi uku: kore idan komai lafiya, ruwan ɗorawa idan akwai damuwa, ja idan abu ya lalace. Makonni suka yi ta wucewa allunan duk kore ne, alhali kuwa kamfanin ya tafka asarar fiye da dala biliyan 12 a wannan shekarar. Babu wanda ya ƙirƙiri alƙaluman ƙarya, kowa dai ya san cewa a gidan, mai kawo mugun labari shi ke fara rasa kujerarsa. Sai da Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya yi ta maza ya sa ja a kan sabuwar motar Edge, saboda matsalar da aka gano a ƙofarta ta baya. Maimakon ya tsawata masa, Mulally ya tafa masa, ya tambayi sauran wa zai taimaka. Daga nan allunan suka fara canza launi. Ba za mu ce wannan kaɗai ya ceci Ford ba, domin bashin fiye da dala biliyan 23 da ya ciwo a ƙarshen 2006 ya yi nasa aikin, to amma a 2009 General Motors da Chrysler sun shiga kotun fatara, Ford bai shiga ba.

Cuta ta biyu kuwa ita ce a ɗaure albashi da ƙarin girma a kan adadi guda. Bankin Wells Fargo na Amurka ya daɗe yana alfahari da yawan asusun da kowane gida ke da shi a bankin, har ya sa wa ma'aikata burin kai shi takwas. Rahotanni suka yi ta hawa sama suna nuna ci gaba. A watan Satumba na 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikata sun buɗe asusu kusan miliyan 2 ba da sanin masu su ba, adadin da daga baya ya kai miliyan 3.5. An kori ma'aikata kusan 5,300, shugaban bankin John Stumpf ya sauka. Rahoton yana ƙirga asusun da aka buɗe, bai taɓa tambayar nawa ne ake amfani da su ba.

Kada wani ya ɗauka wannan cutar Turawa ce. A 2006 aka gano kamfanin Cadbury na Nijeriya ya kumbura lissafinsa da fiye da naira biliyan 13 cikin 'yan shekaru, kuma daga cikin dabarun akwai jibga wa dillalai kaya fiye da abin da za su iya sayarwa, a rubuta shi a matsayin ciniki. Duk ɗan kasuwar da ke ba da kaya bashi ya san wannan tarko. Yaron shago ya ce an sayar da buhu ɗari biyu, maigida ya yi murna, alhali ɗari da hamsin suna hannun mutanen da ba su biya na watan jiya ba. Ciniki daban, kuɗi a hannu daban, kuma rahoton da bai raba su ba ya fi rashin rahoto illa, domin yana kwantar wa mutum hankali a lokacin da ya kamata ya tashi tsaye.

Ga masu fatauci tsakanin Maraɗi da Kano akwai ƙarin rami, wato canji. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, ita kuwa naira, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake ta a watan Yuni na 2023, ta tashi daga kusan 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wanda ya kai wake ko dabbobi Nijeriya a wancan lokaci, wakilinsa ya rubuto masa riba da naira, yana iya juya kuɗin zuwa sefa ya tarar ba su isa ya sake sayen irin kayan da ya fitar ba.

Masu sayar da manhajar kwamfuta suna yawo ofis-ofis suna cewa maganin ke nan. Ba mu ƙi kwamfuta ba, tana rage kuskuren lissafi kuma tana kawo rahoto da wuri, wanda babban abu ne, domin rahoton watan Janairu da ya iso a tsakiyar Maris ya zama tarihi. Sai dai abin da aka zuba mata shi take fitarwa, kuma rahoto mai shafi arba'in wuri ne mai kyau na ɓoye layi ɗaya da ba a son maigida ya gani.

Don haka muna kira ga masu kamfanoni da manyan 'yan kasuwa da su nemi shafi ɗaya tak a sama, mai nuna kuɗin da ke hannu da na banki, da bashin da ake bin mutane tare da kwanakin da kowanne ya yi, da kayan da suka kwanta a sito, kowanne a gefen abin da aka tsara tun farko. Kada mai riƙe kuɗi ya zama shi ne mai rubuta rahoto, ko da ɗa ne ko ƙane, kuma mun san a nan ne nauyin zumunci ke hana magana. Lokaci-lokaci maigida ya shiga sito da kansa ya ƙirga, ba tare da sanarwa ba. Muna kuma kira ga majalisun 'yan kasuwa da su sa wannan cikin horon da suke ba mambobinsu, bankuna kuma su riƙa neman rahoton wata-wata daga masu neman rance, a maimakon dogara da lissafin shekara da takardar fili kaɗai.

Abin da ya rage yana hannun maigida shi kaɗai. Ranar da manaja ya fara shigowa da labarin cewa reshen Ƙonni ko na Agadas yana asara, sauran ma'aikata za su zuba ido su ga abin da zai same shi. Idan aka ci masa mutunci a gaban jama'a ko aka sauya masa wurin aiki, rahoton wata mai zuwa zai dawo kore daga sama har ƙasa.